Taki Ɗaya a Rana: Kundin Shirin Dawo da Yarda da Kai na Mako 12

Litinin, 2 ga Satumba, 2024. Mako na 1

An buɗe shirin yau. Tsawonsa mako 12 ne: zama ɗaya kowace Litinin na minti 90, sauran kwanaki shida kuma kowa ya yi aikinsa shi kaɗai, aikin da ba ya wuce minti 15 a rana. An tsara shi ne domin mutanen da shakkar kai ta sa suka janye jiki daga jama'a. Waya tana ƙara suna kallonta har ta katse. A taro kujerar bakin ƙofa suke nema. In an nemi ra'ayinsu sai su ce "duk yadda kuka gani", sannan su kwana suna tuhumar kansu a kan kalma ɗaya da suka furta. Ba mu bar rukuni ya haura mutum takwas ba, domin in ya haura, mai shiru yakan sami bayan da zai laɓe, a tashi bai ce uffan ba, kuma babu wanda ya lura.

Ginshiƙin aikin mun ɗauko shi daga Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda a 1977 ya bayyana inda mutum ke samo yaƙinin cewa zai iya wani abu. Hanyoyi huɗu ya kawo: abin da mutum ya yi da kansa ya ga ya yiwu, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafawar baki daga wasu, da yadda yake fassara abin da jikinsa ke yi, kamar bugun zuciya da gumi. Ta farkon ita ce ta fi sauran ƙarfi. Ke nan ƙwarin gwiwa a bayan aiki yake zuwa, kuma wanda ya zauna jiran zuciyarsa ta yi ƙarfi kafin ya buɗe baki yana jiran abin da buɗe bakin ne zai haifar. Saboda haka duk ɗabi'ar da za ta shiga jadawali sai ta cika sharaɗi ɗaya: ta bar wa mai yinta hujjar da zai iya rubutawa.

An tantance kowa a keɓe kafin a karɓe shi. Wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki mai nauyi, barci ya ƙaurace masa, ya daina jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kansa yana zuwa masa, likita zai fara gani. Shirin nan ba ya maye gurbin magani.

Kayan aiki ƙaramin littafi ne mai shiga aljihu, da biro. Aikin makon farko lura ce kawai: duk lokacin da mutum ya kauce wa wani ko wani abu, ya rubuta lokaci, wuri, da abin da ya kauce wa.

Alhamis, 5 ga Satumba

Littattafan da muka duba sun cika da hukunci maimakon labari: "yau ma na kasa", "ni dai ba ni da amfani". Irin wannan rubutu ba a iya gina komai a kansa, kuma ƙara nauyi yake yi a zuciya. An tura wa kowa gyara: a rubuta abin da kyamara za ta iya ɗauka. "Ƙarfe 8:10, na hango abokin aiki a baranda, na juya na bi ta ɗaya ƙofar." Wannan layin ya ba mu lokaci, wuri da mutum, wato ya ba mu inda za a dasa ɗabi'a.

Litinin, 9 ga Satumba. Mako na 2

Zaman yau na haɗa tsani ne, wato jera abubuwan da ake tsoro daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Kowa ya ɗauko abubuwan da ya kauce wa a makon jiya, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon fargabar da zai ji in an ce ya yi shi yanzu. Ma'aunin ya samo asali ne daga aikin Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, kuma amfaninsa shi ne ya mayar da "ina jin tsoro" ya zama abin da za a iya jerawa. Ana son matakai 10 zuwa 12, tazarar da ke tsakanin mataki da na samansa kada ta wuce maki 10.

Ga misalin wasu daga cikin matakan tsani, ba duka ba: gaida maƙwabci da murya mai fita, ana kallon fuskarsa, maki 25, tambayar baƙo hanya ko lokaci, 35, ɗaga waya a ƙara ta uku maimakon a bari ta katse a tura saƙo, 40, zama minti 10 a inda abokan aiki ke hutawa, 50, yin tambaya ɗaya a taro ko a aji, 65, cewa "ban yarda da wannan ba, ga dalilina", 80.

Kurakurai uku suka bayyana, kuma kusan kowane tsani yana da ɗaya daga ciki. Na farko, mataki mara siffa, kamar "in riƙa shiga mutane". Ba a san ranar da aka yi shi ba, ba a san ranar da aka fasa ba. Mataki sai ya ƙunshi wa, ina, da tsawon lokaci. Na biyu, tsani mai rami a tsakiya: abubuwa uku a 20, sai tsalle zuwa 75. Ana cike ramin ta hanyar juya abubuwa huɗu, wato yawan mutane, kusancinsu da mai aikin, tsawon lokaci, da matsayin wanda za a yi wa magana. Tambaya a gaban mutum biyu da aka saba da su daban take da tambaya a gaban ashirin. Na uku, farawa daga sama don a gama da wuri. Wanda ya fara da 80 ya sha wuya, ƙwaƙwalwarsa darasi ɗaya za ta ɗauka, cewa da ma ta faɗa. Farawa daga ƙasa sosai ma ba ya koyar da komai, don abin da ba ya motsa zuciya ba ya canja ta. Mun tsayar da wurin farawa tsakanin 30 da 40, kuma ba a hawa gaba sai an maimaita mataki sau uku aƙalla, a ranaku daban-daban.

Laraba, 18 ga Satumba. Mako na 3

Tsani ya haɗu, amma hawa ya yi ƙaranci. Dalilan da aka kawo kusan iri ɗaya ne: "ban samu dama ba", "na bari sai na ji daidai". Akwai abin da ya kamata mai koyarwa ya fahimta a nan kafin ya ɗauka lalaci ne. Duk lokacin da mutum ya kauce wa abin da yake tsoro, yana samun sauƙi nan take, ƙirji ya saki, numfashi ya daidaita. Wannan sauƙin lada ne, kuma ladan da ya zo cikin daƙiƙa ya fi wanda zai zo bayan wata guda ƙarfi wajen kafa ɗabi'a. Haka kaucewa ke ƙara kauri kullum. Mai janye jiki yana rayuwa ne a kan karin maganar nan ta "da muguwar rawa gara ƙin tashi", sai dai shi bai taɓa tashi ya ga ko rawar tasa muguwa ce ba.

Gyaran da muka shigar shi ne tsarin da Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ya yi bayaninsa a 1999: a ɗaure aiki a jikin wata alama tun kafin lokacin ya zo, da sigar "in kaza ta faru, zan yi kaza". Alamar dole ta zama abin da ke faruwa kullum ko mutum ya so ko bai so ba. "In na ajiye jakata a kan tebur da safe, zan gaida wanda ke kusa da ni da sunansa." "In waya ta yi ƙara ta biyu, zan sa yatsa a kan maɓallin amsawa." Yanke shawara an riga an yi shi tun daren jiya, lokacin da jiki ke kwance, don haka a wurin babu sauran muhawara da zuciya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alamomin da muka hana: "in na samu lokaci", "in yanayi ya yi kyau", "in shi ya fara yi mini magana". Duk waɗannan ƙofofi ne na fita. Mun kuma taƙaita kowa a kan alama ɗaya tak har zuwa ƙarshen mako na 4. Masu ɗaukar uku ko huɗu a lokaci guda sukan rasa duka a rana ta uku.

Juma'a, 27 ga Satumba. Mako na 4

Mun cire wani sashe daga jadawalin. A tsarin farko akwai minti biyu na tsayawa gaban madubi da safe ana nanata kalmomin yabon kai. Wasu mahalarta sun ce bayan sun gama sai su ji sun fi muni, kamar wanda ya yi wa kansa ƙarya ido da ido. Abin da suka faɗa ya dace da binciken Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada, wanda aka buga a 2009: mutanen da ke raina kansu da aka sa suka riƙa nanata cewa su abin so ne, sun ƙare da yanayin zuciya mafi muni fiye da waɗanda ba su nanata ba. Masu yarda da kansu tun asali ne kaɗai suka ɗan amfana. Dalilin a fili yake. In ka faɗa wa zuciya abin da ya yi nisa da abin da ta yarda da shi, sai ta tashi ta kawo maka hujjojin da ke ƙaryata shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne layin hujja, ana rubuta shi da dare: abu ɗaya da mutum ya yi yau duk da fargaba, da aikatau a farkonsa. "Na tambaya." "Na zauna har aka tashi." "Na kira." An hana ƙara "amma" a ƙarshen layin, domin da ita ake rushe duk abin da aka gina: "na yi magana, amma muryata ta yi rawa". Rawar muryar tana da nata gurbin a wani shafi. A wannan shafin, abin da aka yi kaɗai ake sawa.

Haka ma masu koyarwa an gyara musu yabo. "Ka yi ƙoƙari sosai" ba ya zama a zuciyar mai shakka, yakan ɗauka lallashi ne. "Malama, kin yi tambayar, kuma mutum biyu sun ɗora a kanta" yana zama, domin ta san gaskiya ne.

Talata, 1 ga Oktoba. Mako na 5

Tambayar da ta fi yawa a zaman jiya: "Na yi sau huɗu, har yanzu gabana yana faɗuwa. Ko abin ba ya yi mini aiki ne?" A da ana koyar da cewa sai fargaba ta sauka kafin a ce an ci nasara. Aikin Michelle Craske da abokanta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya nuna cewa saukar tsoro a cikin zama ɗaya ba ta nuna yadda mutum zai kasance nan gaba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a saɓa wa abin da mutum ya yi tsammani: ya yi hasashen musiba, ya shiga, musibar ba ta zo ba, ko ta zo ya ga ashe zai iya ɗauka.

Saboda haka daga yau kowane mataki ya koma gwaji, kuma shafin littafi ya rabu gida huɗu. Kafin a shiga: me nake tsammanin zai faru, kuma kashi nawa cikin 100 na yarda zai faru? Bayan an fito: me ya faru a zahiri, kuma me na koya? Hasashen dole ya zama abin da ido zai gani ko kunne zai ji. "Za su raina ni" ba ya gwaduwa, domin raini a zuci yake, kuma mai shakka zai ce an raina shi ko da an yi masa murmushi. "Wani zai yi dariya", "za a yi shiru babu mai amsawa", "zan kasa ƙarasa jimla", waɗannan suna gwaduwa.

Ga yadda shafi ɗaya ya kasance, da izinin mai shi. Hasashe: in na tambayi malami a aji, murya za ta maƙale, zan tsaya a tsakiya, kashi 90. Abin da ya faru: ta ɗaga hannu, tafin hannun ya jiƙe har biro ya zame, kalmar farko ta fito a shaƙe, ta yi gyaran murya, ta ƙarasa tambayar cikin daƙiƙa kamar goma. Malamin ya amsa, ya wuce zuwa batu na gaba. Abin da ta rubuta a gida na huɗu: "Muryar ta maƙale kuma ta dawo." Fargabarta a lokacin tana 70, bayan an fito ma ba ta sauka ƙasa da 60 ba. Gwajin ya yi nasara duk da haka, domin hasashen ya faɗi.

Asabar, 12 ga Oktoba. Mako na 6

Wannan shi ne mako mafi muhimmanci zuwa yanzu, kuma da za a sake tsara shirin, da an matso da shi gaba.

Akwai mahalartan da ke hawa tsani yadda ya kamata, suna cika shafi, amma yardarsu da hasashen ba ta motsi. Yau 80, gobe 80. Da aka zauna da su ɗaya-ɗaya aka bi abin da suke yi daki-daki, sai ga dalilin. Suna shiga wurin, amma da garkuwa. Wani yana haddace jimlarsa sau biyar a zuci kafin ya faɗa. Wata tana riƙe kofi da hannu biyu gam don kada a ga rawar hannu. Wani idonsa na kan waya duk tsawon zaman. Wata tana jero wa abokin hira tambayoyi ba ƙaƙƙautawa don kada a tambaye ta komai game da ita. Wasu suna magana da sauri don a wuce wurin, wasu ƙasa-ƙasa don in sun yi kuskure kada a ji.

David Clark da Adrian Wells, a Ingila, sun bayyana wannan a 1995 cikin bayaninsu na yadda tsoron jama'a ke ɗorewa. Mu muna kiransu dabarun fakewa. Illarsu uku ce. Suna sace hujja: in taro ya tafi lafiya, mutum zai ce "don na haddace ne", ba zai ce "ashe zan iya" ba. Suna haifar da abin da ake gudu: ƙanƙame kofi yana ƙara rawar hannu, haddace jimla yana sa a rasa abin da abokin hira ke faɗa, sai amsa ta zo a karkace. Sannan suna sa mutum ya yi kama da mai girman kai ko wanda ba ya son hira, sai mutane su ja baya, shi kuma ya ɗauki ja da bayan a matsayin tabbacin cewa ba a son sa.

Gwajin da muka yi a zaman Litinin: kowa ya yi hira ta minti uku sau biyu da abokin zama. A karon farko ya yi amfani da duk dabarunsa, kuma ya sa hankalinsa kacokan a kan kansa, yadda fuskarsa take, yadda muryarsa ke fita. A karo na biyu ya ajiye su duka, ya mayar da hankali kan mai magana. Bayan kowane karo ya ba fargabarsa maki, abokin hirar ma ya faɗi wanne ya fi masa daɗi. Yawancinsu sun ga karon farko ya fi wuya, abokan hirar kuma sun fi son na biyu. Wannan sai an ji a jiki. Bayani da baki ba ya isar da shi.

Aikin gida ya ƙaru da abu biyu. Na ɗaya, a ajiye dabara ɗaya a kowane gwaji, a fara da mafi sauƙin saki. Na biyu, atisayen juya hankali waje, minti biyar a rana, a lokacin da babu fargaba: a zauna a saurari sauti uku daban-daban, na kusa, na tsakiya, na nesa, minti ɗaya kowanne, sannan a riƙa sauyawa tsakaninsu. A cikin hira kuma, a fito da abu biyu da aka lura da su game da abokin magana, misali kalmar da ya fi maimaitawa da abin da ya sa fuskarsa ta sake.

Gargaɗi kan numfashi. Jan iska a hankali, a fitar da ita a hankali fiye da yadda aka ja, kamar sau shida a minti, yana kwantar da jiki, kuma muna koyar da shi don dare ko kafin a fita daga gida. Amma in mutum ya koma ƙirga numfashi a tsakiyar hira don kada ya ruɗe, shi ma ya zama garkuwa, kuma ya mayar da hankali ciki.

Litinin, 21 ga Oktoba. Mako na 8

Abin da ake ginawa da rana, wasu suna rushe shi da dare. Hira ta tafi lafiya, mutum ya kwanta, sai ya fara dawo da ita kalma-kalma, yana neman inda ya yi kuskure. Matsalar wannan bitar ita ce ba abin da ya faru ake tunawa ba, abin da aka ji a jiki ake tunawa. Wanda ya ji zafi a fuska zai tuna kansa da fuska ja wur, ko da babu wanda ya ga komai. Kowane zagaye kuma yana ƙara duhunta hoton.

Mun kawo musu bincike biyu. Thomas Gilovich da abokansa a Jami'ar Cornell, a wani aiki da aka buga a 2000, sun sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyarsa, suka shigar da su ɗaki mai mutane. Masu rigar sun ƙiyasta kusan rabin mutanen za su gane hoton. Waɗanda suka gane kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Sai na Erica Boothby da abokanta a 2018, wanda ya nuna cewa bayan hira da baƙo, mutane sukan raina yadda abokin hirar ya ji daɗinsu, kuma giɓin ya fi faɗi ga masu kunya. Sanin wannan ba ya tsayar da bitar dare, amma yana ba mutum dalilin ƙin amincewa da hukuncin da ya yanke wa kansa ƙarfe ɗaya na dare.

Ƙa'idar da muka sa: bita sau ɗaya ce, a rubuce, cikin awa ɗaya da fitowa, minti biyar, a cikin gidaje huɗun nan. An rufe littafi, an rufe magana. In tunanin ya dawo da dare, kada a yi kokawa da shi, don ƙoƙarin korar tunani ƙara kiransa yake yi. A ce "wannan bita ce, na riga na yi ta", a mayar da hankali kan sautukan ɗaki. In ya dawo sau goma, a yi hakan sau goma.

Ga waɗanda suka yarda, mun ɗauki bidiyon minti biyu suna magana. Sharaɗin kallo yana da muhimmanci: kafin a kunna, mutum ya rubuta dalla-dalla abin da yake tsammanin gani, sannan ya kalla kamar yana kallon baƙo. In aka tsallake wannan shiri, zai kalli bidiyon yana jin abin da ya ji a lokacin, ya ga abin da ba ya cikin hoton.

Laraba, 30 ga Oktoba. Mako na 9

Makon tsallake rana. Wasu sun rasa kwana biyu ko uku, kuma saƙonnin da suka turo duk salo ɗaya ne: "na ɓata komai". An tuna musu binciken Phillippa Lally da abokanta a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya bi mutum 96 na tsawon mako 12. Tsaka-tsakin lokacin da sabuwar ɗabi'a ta ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, amma ya kama daga 18 har zuwa 254, kuma tsallake rana guda bai yi wata illa ga kafuwarta ba. Yau kwana 59 ke nan da buɗe shirin, kuma alamomin ma sai a mako na 3 aka ɗaura su.

Ƙa'idar dawowa: wanda ya tsallake, washegari ya sauko mataki ɗaya a tsaninsa ya yi, ba tare da rama na jiya ba. Masu ramawa suna ninka aiki, su gaji, su sake tsallakewa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba. Mako na 10

Zuwa yanzu yawancin gwaje-gwajen da baƙi ko abokan aiki ake yinsu. Abin da ya fi wa mutane nauyi ashe shi ne tsofaffin abokai da 'yan'uwan da aka daina nema. Kunya ta taru a kan kunya: an yi wata shida ba a amsa saƙo ba, yanzu da wane ido za a dawo? Binciken Peggy Liu ta Jami'ar Pittsburgh da abokanta, na 2022, ya gano cewa masu tuntuɓar wani bayan an daɗe sukan raina yadda za a ji daɗin tuntuɓar, kuma jin daɗin ya fi yawa in ba a yi tsammaninta ba.

Tsarin saƙon: jimla biyu ko uku, gaisuwa, abin da ya tuno maka da shi, da tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa. Ban haƙuri jimla ɗaya ya isa. Dogon bayanin dalilin ɓacewa yana ɗora wa mai karɓa nauyin lallashi, kuma rubuta shi kan ɗauki kwanaki har a fasa. An ba da minti biyar na rubutawa, a tura kafin agogo ya cika. Mutum ɗaya a mako. In an amsa, mataki na gaba kira ne, na bayansa haɗuwa mai ƙayyadadden lokaci, minti 30 zuwa 45. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma sanin lokacin tashi yana sauƙaƙa zuwan.

Ba duk saƙo aka amsa ba, kuma akwai wanda ya yi magana a taro aka katse shi da kaushi. Dole shirin ya yi wa irin wannan tanadi, domin wanda aka yi wa alkawarin cewa komai zai tafi lafiya, ranar da bai tafi ba zai watsar da littafin. A irin wannan rana gida na huɗu yana amsa wata tambaya ce daban: abin ya faru, to yaya na ɗauke shi, kuma awa nawa zafin ya yi kafin ya ragu? Sannan a rubuta dalilai uku da za su iya sa a ƙi amsa saƙo waɗanda ba su shafi mai turawa ba. A sake gwaji makamancinsa cikin kwana biyu, kafin kaucewa ta sake kafa sansani.

Waɗanda suka kai saman tsaninsu sun fara gwajin ƙaramin kuskure da gangan: su yi shiru na daƙiƙa biyar a tsakiyar magana, ko su ce "ban gane ba, a maimaita mini", ko su bar hannu ya yi rawa a fili. Manufar ita ce su ga da idonsu abin da mutane ke yi in abin da ake ɓoyewa ya bayyana. Ba a ba kowa wannan aiki kafin ya saki dabarun fakewarsa.

Litinin, 18 ga Nuwamba. Mako na 12

Zaman ƙarshe na mako-mako. Kowa ya sake ba tsaninsa na 9 ga Satumba maki ba tare da ya kalli tsofaffin ba, sannan aka kwatanta. Matakan ƙasa da na tsakiya su ne suka fi sauka. Na sama, musamman saɓa wa ra'ayin na gaba da kai da kuma cewa "a'a", sun fi tauri, kuma mako 12 bai ishe su ba. Za a ware musu zama biyu na musamman a zagaye na gaba, tare da gwada jimlolin a cikin rukuni kafin a kai su waje.

Kowa ya rubuta takardar kiyayewa mai shafi ɗaya: alamomi uku da ke nuna ya fara janyewa, kamar barin kira ya katse sau biyu a jere ko soke haɗuwa a ranar da za a yi ta, dabarar fakewar da ta fi saurin dawo masa, matakin da zai koma ya fara daga kai, da mutum ɗaya da zai sanar. Aikin kullum ya ragu zuwa gwaji uku a mako, layin hujja kuma yana nan kowane dare. An kuma nanata cewa wanda fargabar jama'a ta yi wata shida ko fiye tana hana shi aiki ko karatu, kuma bai ga sauyi ba, ya nemi ƙwararre, domin akwai magani na zama ɗaya-ɗaya da aka gina a kan waɗannan hanyoyin.

Gyare-gyaren da za a shigar kafin rukuni na biyu: darasin dabarun fakewa ya dawo mako na 3, a haɗa shi da ɗaura alama, shafi mai gida huɗu ya fara tun daga gwajin farko, a buga misalan hasashe mai gwaduwa a bangon littafi daga ciki. Akwai matsalar da ba a warware ba, ta waɗanda ke aiki daga gida ko suke zaune su kaɗai, waɗanda ranarsu ba ta da alamar da ta ƙunshi wani mutum. Ana gwada musu fita ta minti 15 a lokaci ɗaya kullum, ta hanya ɗaya, don fuskokin da suke gani su zama sanannu har gaisuwa ta samu wurin zama. Zaman bibiya na farko ranar Litinin, 16 ga Disamba, kowa ya zo da littafinsa da takardar kiyayewa.